Yadda Na Bi Matakan Samun Sa Hannun 'Yan Wasa da Mawaƙa da Kuma Tantance Shi

Na fara tara kayan tunawa na 'yan ƙwallo da mawaƙa ba tare da sanin cewa harkar tana da ƙa'idojinta ba. Da farko abin da nake ajiyewa bai wuce tikitin shiga kallon wasa da bangon faifai da hotunan da nake yankewa daga mujallu ba, kuma dukkansu a akwati ɗaya suke. Da sha'awar ta yi ƙarfi sai na ƙudura a raina cewa ina son in mallaki abin da hannun gwanina ya taɓa, riga ce ko hoto ko faifai, matuƙar yana ɗauke da sa hannunsa. Daga wannan ƙuduri zuwa ranar da na rataye abu na farko da zan iya rantsuwa a kan sahihancinsa an ɗauki kusan shekara biyu, kuma rabin wannan lokaci ya tafi ne a kan kurakuran da, da na sami wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani, da ban yi su ba. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta matakan yadda na bi su, domin mai tahowa a baya ya huta da wahalar da na sha.

Matakin da na fara ɗauka shi ne wanda kusan kowane sabon shiga yake ɗauka, wato saye ta intanet. Na ga rigar wani tsohon ɗan wasan gaba da na taso ina kallonsa, an shimfiɗa ta a hoto da sa hannu baƙi wuluk a ƙirji, a gefenta kuma ga takardar shaida mai hatimi ruwan zinariya da lamba da sunan wani kamfani da ban taɓa jin labarinsa ba. Mai sayarwar yana da yabo mai yawa daga waɗanda suka yi ciniki da shi, farashin kuma bai yi arhar da za ta jawo zargi ba, bai kuma yi tsadar da za ta fi ƙarfina ba. Na biya da kuɗin da na shafe wata huɗu ina tarawa, sannan na ƙara da kuɗin aikowa da na kwastan, waɗanda ban sa su cikin lissafi ba, alhali su kaɗai sun kusa kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin rigar. Bayan mako uku ta iso. Na yi murna ƙwarai, na nuna wa duk wanda ya zo wurina, kuma aka yi wata biyar shakka ba ta taɓa shiga raina ba.

Shakkar ta shigo ne ranar da na kai rigar wurin wani dattijo da ya shafe sama da shekara talatin a wannan harka. Bai ko fara duban sa hannun ba, takardar ya ɗauka ya juya ta gaba da baya, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya rubuta wannan takarda, kuma a ina yake tsaye lokacin da ake sa hannun?" Na ce, "Baba, ai ga hatimin kamfani nan a jiki." Ya ce hatimi kowace maɗaba'a tana iya buga shi, kuma wanda ya iya kwaikwayon hannun wani, buga takardar da za ta raka kayan ba zai gagare shi ba. A bakinsa na fara jin labarin binciken da hukumar FBI ta Amurka ta yi a ƙarshen shekarun 1990, wanda aka sa wa suna Operation Bullpen, inda aka bankaɗo gungun mutanen da suke ƙirƙirar sa hannun manyan 'yan wasa suna zubawa a kasuwa, kuma kayan jabun suna fitowa ne tare da takardun shaida. Ya nuna mini cewa takardar tawa ba ta faɗi rana ba, ba ta faɗi wuri ba, ba ta ɗauke da hoton rigar, lambar da ke jikinta kuma babu wani shafi da za a shiga a tabbatar da ita. Shawarar da ya ba ni ita ce in aika rigar ga ɗaya daga cikin kamfanonin tantancewa da masu gwanjo suke yarda da hukuncinsu. Waɗanda aka fi sani a Amurka su ne PSA da JSA da Beckett, akwai kuma wasu a Turai.

Kamfanin da na zaɓa yana da hanya biyu. Akwai duba na gaggawa, inda za ka tura hoton sa hannun ka biya ɗan kuɗi kaɗan, su ba ka ra'ayinsu cikin 'yan kwanaki ba tare da takardar shaida ba, akwai kuma cikakkiyar tantancewa wadda dole kayan su je hannunsu. Na raina ta farkon na tsallake ta, kuma wannan kuskure ne da ya ci mini kuɗi, domin da na fara da ita da tun a nan na sami amsata. Cikakkiyar tantancewar tana farawa ne da buɗe rajista a shafinsu da cike fom, inda ake rubuta sunan wanda ake cewa shi ya sa hannun, da irin kayan, da ƙimar da mai shi ya yi musu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kuɗin aikin ya dogara ne a kan sunan mai sa hannun, ba a kan girman kayan ba, ta yadda ƙaramin katin shahararren ɗan wasa zai iya fin babbar rigar wanda ba a sani ba tsadar dubawa. Ana kuma biyan kuɗin dawo da kaya tun a gaba. Sau uku na je ofishin aika kaya kafin kunshin ya tafi. Zuwan farko ban buga fom ɗin kamfanin da ya kamata ya shiga cikin kunshin ba. A na biyu aka ce bayanin da na rubuta a takardar kwastan bai isa ba, sai na fayyace cewa kayan za su je dubawa ne su dawo, ba sayar da su na yi ba, in ba haka ba za a iya sake caje ni haraji ranar dawowarsu. Ma'aikacin ya kuma ja hankalina a kan inshora, ya ce wanda ya rage ƙimar kayansa a takarda don ya rage kuɗin inshora, idan kunshin ya ɓace, abin da ya rubuta kawai za a biya shi. A zuwa na uku ne na karɓi rasit da lambar bibiya.

Jiran ya fi komai wahala. Lambar bibiya ta nuna kunshin ya isa, amma sai da aka yi kwana goma kafin kamfanin ya shigar da shi cikin rajistarsa, kuma a cikin kwanakin nan goma na ɗauka ya salwanta. Daga nan shafin ya tsaya a kan "ana dubawa" har tsawon makonni. Gaba ɗaya mako tara aka yi kafin rigar ta dawo, tare da wasiƙa mai shafi ɗaya. Wasiƙar ta ce bayan kwatanta sa hannun da ingantattun samfuran da suke da su, ra'ayinsu shi ne ba na ɗan wasan ba ne, kuma ta jera dalilai: karkatar haruffan ba ta dace da tasa ba, nauyin alƙalami iri ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, kuma akwai alamun tsayawa da rawar hannu irin na wanda yake zana abin da yake kallo a hankali, saɓanin mutumin da ya saba rubuta sunansa sau dubbai cikin sauri. Ba a mayar da kuɗin dubawa, domin aikin duban aka biya, ba sakamakon ba, kuma wannan yana rubuce a sharuɗɗan da na amince da su ban karanta ba. Na daɗe zaune da wasiƙar a hannuna. Asarar kuɗin ta yi mini ciwo, amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tunawa da mutanen da na nuna wa rigar ina alfahari.

Na nemi mai sayarwar, bai amsa ba. Na kai ƙara ga shafin da aka yi cinikin, aka ce wa'adin da mai saye yake da shi na kai ƙorafi ya daɗe da wucewa. Duk wanda zai saya ta intanet, ya duba tsawon wannan wa'adi kafin ya biya, ya biya ta hanyar da take ba shi damar neman a mayar masa da kuɗinsa, kuma ya nemi ra'ayin masu tantancewa a kan hoton kayan tun kafin ya tura ko sisi.

Bayan wannan na yanke shawarar ba zan ƙara sayen sa hannun da ban san yadda aka same shi ba, sai na koma ga hanyar wasiƙa, wadda tsofaffin masu harkar suka daɗe suna bi. Ana rubuta gajeriyar wasiƙa da hannu zuwa ga ɗan wasa ta adireshin ƙungiyarsa, ko ga mawaƙi ta ofishin manajansa, a sa hoto ɗaya ko biyu, a haɗa da ambulan mai ɗauke da adireshinka da kan sarki a manne, don kada a ɗora wa wanda ake roƙo ɗawainiyar komai. A nan na gamu da ruɗanin da ya ci mini wata guda, domin kan sarkin ƙasarka ba ya aiki a ambulan da za a jefa a gidan wayar wata ƙasa. Akwai takardar amsa ta ƙasa da ƙasa da Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya take fitarwa, wadda ake musanyawa da kan sarki a ƙasar da ta je, amma ba kowace ƙasa take sayar da ita ba, Amurka ma ta daina sayarwa tun 2013, kuma ko ta isa, da wuya ofishin da wasiƙu suka yi wa yawa ya tura wani gidan waya don ya musanya ta saboda kai. Abin da ya yi mini aiki shi ne sayen kan sarkin ƙasar da wasiƙar za ta je, na ƙimar aikawa zuwa ƙetare, in manna da kaina. Kada kuma a sa abu mai daraja a wasiƙa, domin babu alkawarin zai dawo. Ya kamata a bincika ko mutumin yana amsa wasiƙu ma tukuna. Ringo Starr, mai kiɗan ganga na ƙungiyar Beatles, ya fito fili a 2008 ya ce ya daina sa hannu a kan abin da ake aiko masa, kuma irinsa suna da yawa ko da ba su sanar ba.

Wasiƙa goma sha biyu na aika, huɗu suka dawo, ta farko bayan mako biyar, ta ƙarshe bayan wata goma sha ɗaya, lokacin da har na manta da ita. Da na kai su wurin dattijon nan, biyu kawai ya yarda da su. Cikin biyun da ya ƙi, ɗaya hoto ne da aka buga sa hannun a jikinsa tun daga maɗaba'a, kuma da ya karkata shi a gaban fitila sai na ga tawadar ba ta hau kan hoton ba, sheƙinsu ɗaya. Ɗayar kuma aikin na'urar sa hannu ce, wadda ake ɗaura wa alƙalami na gaske ta riƙa maimaita hannun mutum. Ya nuna mini ɗigon tawada a inda alƙalamin ya sauka da inda ya tashi, sannan muka nemo hoton irinta a hannun wani, muka ɗora ɗaya a kan ɗaya, suka yi daidai ba ko bambancin gashi, abin da hannun ɗan Adam ba ya yi. Ya ƙara gaya mini akwai nau'i na uku da ya fi wuyar ganewa, wato wanda sakatare ko wani na kusa yake sa hannu a madadin mai sunan. Ban ɗauki ko ɗaya cikin waɗannan a matsayin yaudara ba, domin kyauta aka aiko mini, amma wajibi ne mutum ya san abin da yake riƙe da shi.

Hanyar da ta fi kwantar mini da hankali ita ce zuwa da kaina. Karo na farko na je filin atisayen wata ƙungiya, na tsaya awa huɗu a bakin ƙofar da ba ita 'yan wasa suke fita ba, na dawo hannu rabbana. Karo na biyu na tambayi masu gadi cikin ladabi, suka nuna mini inda aka keɓe wa magoya baya da lokacin da ake tashi. Wannan karon na shirya. Na sa kwali a cikin wata rigar da na tafi da ita don ta miƙe kuma kada tawada ta ratsa zuwa baya, na riƙe alƙalamin maka baƙi guda biyu da na gwada tun a gida, na cire murfin ɗaya tun kafin su fito, na kuma ba abokina wayata ya riƙa ɗaukar bidiyo. Da ɗan wasan ya iso gabana na gaishe shi, na miƙa abu ɗaya tak, na ja yadin ya yi tsam, ya sa hannu cikin abin da bai wuce daƙiƙa uku ba. Na lura ya wuce wani mutum da ya zo da hotuna tuli iri ɗaya, domin 'yan wasa sun gane masu karɓa don sayarwa, kuma wannan ne ya sa wasunsu ba sa yarda su sa hannu sai sun rubuta sunan mai karɓa. A ganina wanda yake tarawa don ƙauna bai kamata wannan ya dame shi ba, ko da yake sunan yana rage kuɗin kayan a kasuwa.

Na mawaƙi ya bambanta kaɗan. Na sayi tikiti na musamman mai ba da damar ganawa bayan wasa, wanda ya ninka na gama-gari, kuma sai a layi na ji cewa abu ɗaya kawai aka yarda kowa ya shigo da shi. Na zaɓi bangon faifan garmaho. Bangon baƙi ne mai sheƙi, don haka sai da alƙalami mai tawadar azurfa, wadda ba ta bushewa da wuri. Wanda yake gabana ya mayar da nasa cikin leda nan take, sa hannun ya goge a idonmu. Ni na riƙe nawa a sarari har na fita daga zauren.

Rigar da bangon faifan na aika wa masu tantancewa a kunshi ɗaya, wannan karon ba tare da kai-komo a ofishin aikawa ba. Wani zai ce me ya kai ni biyan kuɗi a kan abin da na gani da idona. Dalilina shi ne idona ba zai bi kayan zuwa hannun wanda zai gaje su ko ya saye su ba. Ko manyan kayan duniya ba sa tsira daga wannan tambaya. Rigar da Diego Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila na gasar cin kofin duniya ta 1986 a Meziko ta shafe shekaru a mallakin Steve Hodge, ɗan wasan Ingila da ya yi musayar riga da shi bayan wasan, amma da za a yi gwanjonta a kamfanin gwanjo na Sotheby's a 2022 sai iyalan Maradona suka ce ba ita ce ya sa lokacin da ya ci ƙwallayensa biyu a wasan ba. An dogara ne da kwatanta rigar da hotunan wasan dalla-dalla kafin aka sayar da ita a kan fam miliyan 7.1. Idan riga mai irin wannan tarihi ta buƙaci hujja, tawa ta fi buƙata. Bayan mako bakwai kayana suka dawo da takardun shaida masu ɗauke da hotonsu da lambar da na shiga shafin kamfanin na tabbatar da ita. Na roƙi a manna sitikar lambar a jikin takardar maimakon jikin bangon faifan, domin idan ta manne ba ta cirowa ba tare da ɓarna ba, kuma sun yi yadda na nema. Kamfanin bai dogara da bidiyona ba wajen yanke hukunci, tawadar da salon hannun ya duba, amma bidiyon da tikitin suna nan a matsayin tarihin yadda kayan suka zo hannuna.

Saura adanawa, kuma a nan ma na yi asara kafin in koya. Ɗaya daga cikin hotuna biyu na gaske da suka zo ta wasiƙa na rataye shi a bangon da rana take haskawa da hantsi, cikin 'yan watanni baƙar tawadar ta koma ruwan ƙasa, kuma babu hanyar dawo da ita. Wanda ya sake bin sa hannun da alƙalami don ya fito ya kashe shi gaba ɗaya. Da na kai rigar wurin mai firam na nemi gilashi mai tare hasken rana mai cutarwa, da kwali marar sinadarin asid, da tazara tsakanin gilashin da yadin don kada tawada ta manne, na kuma hana shi amfani da gam ko salatif, sai ɗinki mai sauƙin warwarewa. Kuɗin firam ɗin ya fi na rigar kanta. Ba a wanke rigar da aka sa wa hannu, ba a goge ta, ba a kuma liƙe hoto cikin ledar zafi, domin masu tantancewa ba za su iya duba tawadar yadda ya kamata ba bayan haka, kuma danshi da zafi suna ɓata takarda kamar yadda rana take yi.

Yanzu ina da littafi guda da nake rubuta kowane abu a ciki: ranar da na same shi, wurin, ta wace hanya, wanda yake tare da ni, abin da na kashe, da lambar takardar shaida idan akwai. Rasit da tikiti da ambulan da wasiƙa ta dawo a ciki mai hatimin gidan waya duk suna cikin fayil ɗaya, bidiyon kuma na ajiye shi a wuri biyu. Rigar farko ma tana da shafinta a littafin. Wani ya taɓa yi mini tayin sayenta da takardarta ta asali, na ƙi, domin na san inda za ta ƙare. Na yaga takardar mai hatimin zinariya, na ninke wasiƙar masu tantancewa na sa a cikin ledar rigar, sannan na ɗauki alƙalamin maka na rubuta a cikin wuyanta, inda ba zai gogu ba, cewa wannan sa hannu ba na mai sunan ba ne.